Cikin Barira da Ɓerayen Malama

Talata, 3 ga Zulƙida, da hantsi

Bismillahi. Wannan littafi Malama Ramlat ce ta bar mini shi jiya. Ita ce wadda ta zo daga jami'a cikin farar mota neman ɓawon hano. Ta ce in rubuta duk abin da na sani a kan itacen. Na ce mata abin da na sani ba zai shiga littafi ba, amma na karɓa. Da ajami nake rubutawa. In ta iya ta karanta, in ba ta iya ba ta nemi wanda ya iya.

Hano ɗaya ya rage a karkarar nan, shi ne na kan iyakar gonata da ta maƙwabcina Baƙo. Ina yaro guda goma sha huɗu na sani tsakanin nan da hanyar Bagwai, yau ma zan iya nuna inda kowanne ya tsaya da sunan wanda ya sare shi. Babana ya ba masu gyambon ciki ɓawonsa, ni ma shekara arba'in da ɗoriya ina bayarwa. Gabas da yamma ake sassaƙa, ba a zagaye itace. A shanya a inuwa, a jiƙa a tukunyar ƙasa, a sha kafin kunu.

Ta ce ɓeraye za ta ba ta gani ko yana yi. Na ce mutanen da na warkar ba su isa shaida ba sai ɓera? Ta yi dariya ta ce, "Baba, ɓera ba ya jin kunyar kowa."

Da za ta tafi ta leƙa ɗaki ta gaida matata Barira, wadda cikin nan ya kwantar tun bayan azumin Sitta Shawwal. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta dariya. Ta ce a kai Inna asibiti. Na ce tana shan magani.

Alhamis, 5 ga wata, bayan la'asar

Na tambayi Barira jiki. Ta ce da sauƙi. Ta sha kofi biyu na jiƙon hano.

Juma'a, 6 ga wata, kafin tafiya masallaci

Hadari ya haɗu a gabas ya watse. Iri yana cikin buhu, taki yana gona, ba abin yi. Na je gindin hano na dawo, na sake komawa. Na gyara dangar da ba ta karye ba.

Baƙo ya same ni a can. Shekara saba'in muna tare da mutumin nan, tun kafin gidansu su fara zuwa coci, har yau bai daina ce mini boka ba, ya san kuma ba na so. Ya ce ya ji labari an ɗauki boka aiki a jami'a, zai riƙa duba ɓeraye. Na ce in an fara biya zan sa a ɗauke shi ya riƙa yi musu shara. Ya tambayi Barira, na ce da sauƙi. Ya ce Dokas matarsa ba haka ta gaya masa ba. Na ce Dokas ce mai ciwon?

Ya kama ɓare busasshen ɓawon hanon da farce. Na buge hannunsa.

Lahadi, 8 ga wata, da safe

Ta ce da sauƙi. Kunun ta mayar rabi.

Talata, 10 ga wata, da azahar

Malama ta bugo waya. Na sa ta ta gaya mini komai daki-daki, don ba zan ba da ɓawon babana a yi abin da ban sani ba da shi. Ta ce sun daka shi, sun jiƙa cikin wani ruwa na aikinsu, sun tace, sun bar ruwan ya ƙone sai laka baƙa ta rage. Na ce wa ya ce su yi haka, ina tukunyar ƙasa? Ta ce haka ake yi a can. Na ce to ba maganina kuke gwadawa ba, naku ne.

Na tambaye ta ina ta samo ɓeraye masu gyambon ciki, ko suna zuwa da kansu ne su kai kuka. Ta ce su suke saka musu ciwon. A hana ɓera abinci kwana guda, sai a ba shi ƙwayar maganin ciwon jiki, irin wadda mutane ke saye su sha in gaɓoɓi na ciwo. In ta sauka a ciki ba komai, ita ke fasa cikin. Kashi uku ta raba su. Wasu an ba su hano tukuna, wasu maganin asibiti, wasu ba a ba su komai ba. Bayan nan a buɗe cikin kowa a ƙirga gyambon. Sai nan da mako uku za a gama.

Mako uku. Ni a kwana bakwai nake sanin aikina.

Ta sake maganar asibiti. Ta ce ta ga tafin hannun Inna, ta ga cikin idonta, jini ne yake ƙarewa. Na ce waya tana katsewa.

Laraba, 11 ga wata, da hantsi

Shekarar sanƙarau na kai ɗanmu Muntaka asibitin birni da ƙafarsa, ban dawo da shi ba. Shi ke nan abin da zan rubuta a kan wannan. Malama ba a haife ta ba ma sannan.

Juma'a, 13 ga wata, bayan la'asar

An yi ruwan shuka jiya. Kowa yana gona. Na yi sara layi goma na dawo gida na leƙa, na koma na yi layi shida na dawo. Dā Barira ce ke bina tana zuba iri tana take rami, gwiwar nan tata da ta dame ta shekara da shekaru ba ta hana ta, tunda nake haɗa mata nata maganin na gwiwa. Yau ni kaɗai ina sara ina zubawa, layin ya karkace kamar hanyar tumaki.

Ta ce da sauƙi. Na ƙara mata kofi ɗaya, sun zama uku.

Na zauna ina lissafa waɗanda hanon nan ya tayar. Badaru mai fawa, shekarar da fari ya cinye gero. Fadima ta gidan Liman. Direban nan na Ɗambatta da ya zo yana tafiya a duƙe. Na kai mutum sittin da uku ban tsaya tunani ba. Duk da bakinsu suka ce mini sun ji sauƙi. Ban roƙi kowa ya faɗa ba.

Lahadi, 15 ga wata, da safe

Na ga wani abu a bayan gida bayan ta fito. Na zuba toka. Ƙila zoɓo ne, ko da yake ban ga an dafa zoɓo ba.

Lahadi ɗin dai, da la'asar

Sa'adiyya 'yarmu ta zo daga Kunci, ban aika mata ba. Wani ya aika. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta shiga wajen uwarta, na jiyo kuka ƙasa-ƙasa. Da ta fito ta ce, "Baba, don Allah." Na ce a jira kwana bakwai, na sauya jiƙo, wannan sabon sassaƙa ne na gefen gabas. Ta ce kwana bakwai nawa aka yi? Na ce da ubanta take magana.

Ta share tsakar gida sau biyu. Ni na tafi gona.

Litinin, 16 ga wata, da hantsi

Ɓerayen shiru.

Talata, 17 ga wata, bayan azahar

Gero ya tsiro, wani wuri ya fito wani wuri bai fito ba. Na zaga shi sau uku kamar zagayen zai ƙara shi.

Na ba Baƙo labarin yadda ake saka wa ɓera gyambo, don mu yi dariya. Na ce ka ji aikin masu ilimi, su hana ɓera abinci, su ɗura masa ƙwayar ciwon jiki, cikinsa ya fashe, sannan su zo suna neman boka ya gyara. Na faɗi boka da bakina don ya ji daɗi. Ya yi dariya har da tari. Ya ce zai ba Dokas labari, ita ce mai son ƙwayoyi.

Barira ta tashi za ta yi alwala jiri ya ɗebe ta, Sa'adiyya ta tare. Da na tambaya ta ce da sauƙi, Malam, ƙafa ce ta goce.

Laraba, 18 ga wata, da sassafe

Ta ce da sauƙi.

Laraba, da hantsi

Dokas ta yi sallama ina zaure ina tace jiƙo. Ba ta saba tsayawa wajena ba, wucewa take yi ciki. Yau ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shiga ta ƙi fita, tana murza bakin zane. Ta ce Baƙo ya ba ta labarin ɓeraye, ba ta runtsa ba. Ta tambaye ni wai da gaske ƙwayar ciwon jiki ce ke fasa cikin. Na ce haka Malama ta ce, na ɓera.

Sai ta kwance bakin zanen ta ajiye mini ƙulli a kan tabarma. 'Yar leda ce, ƙwayoyi biyar a ciki, ja da fari da ruwan ɗorawa. Haɗi suke ce masa. Ta ce duk ranar kasuwar Ɗambatta ita ke sayo wa Barira, na mako guda, saboda gwiwa. Da asuba take sha kafin ta sa komai a baki, don ta iya tashi ta yi aiki. Da azumi da sahur take haɗiya. Ko a kwancen nan ba ta daina ba.

Na ce tun yaushe? Ta ce tun shekarar da aka yi bikin Sa'adiyya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Na ce ai ina ba ta maganin gwiwa. Dokas ta dubi ƙasa ta ce, "Tana sha, Malam. Ba ta taɓa zubarwa ba."

Na ce wa da wa ya sani? Ta ce matan unguwa dai.

Ban san sanda ta tafi ba. Jiƙon ya cika kofi ya zube a tabarma.

Laraba, da la'asar

A ƙasan kwallayenta na jere, ta uku daga sama. Ledoji ba sa ƙirguwa, ta ninke su ɗaya-ɗaya kamar abin kirki. Idonta biyu sanda nake buɗewa. Na kwashe masu ƙwaya na sa a aljihu, na mayar da murfi yadda na same shi.

Na je gindin hano. Na dawo. Na je.

Alhamis, 19 ga wata, da safe

Ni na kira Malama, karo na farko. Na karanta mata abin da na gani, launi da girma. Ta yi salati. Ta ce kada Inna ta ƙara shan ko ɗaya, kuma yau, ba gobe ba, a kai ta. Na ce yanzu da aka gano ɓarawon ai sai a bar hano ya yi aikinsa, dā ana zuba ruwa ne ana ɓula tulun. Kwana bakwai kawai.

Ta ce, "Baba, ko hanonka yana yi, ba ya mayar da jinin da ya zuba. Ɓerana in ya mutu ina da wani a keji."

Na kashe wayar. Yarinyar nan ba ta da ladabi.

Alhamis, da azahar

Ba rashin ladabi ba ne.

Alhamis, bayan la'asar

Na shiga na tambayi jiki. Ta buɗe baki za ta amsa, na ce kada ta faɗa. Na kama hannunta na juya tafin. Hannun da ya yi mini tuwo shekara arba'in da takwas, ban san sanda ya koma fari haka ba. Kullum fuskarta nake duba, ita kuwa fuska tana gyara ta kafin in shigo.

Na fita na tsallaka gona zuwa gidan Baƙo. Na ce ina ɗansa Reuben da motarsa. Baƙo bai ce boka ba, ya ɗauki hula.

Asabar, 21 ga wata, da hantsi, a barandar asibiti

Leda biyu na jini. Ɗaya na Sa'adiyya, ɗaya na Reuben ɗan Baƙo. Nawa sun ce na tsufa. Likitan da ya gan ta yaro ne, ya tambayi wa ya bar ta har ta kai haka. Sa'adiyya ta ce hanya ce ba kyau. Ina tsaye.

Warin wurin bai sauya ba tun waccan shekara. Ba na iya zama. Na ƙirga tagogi, na ƙirga itatuwan dalbejiya na harabar, ashirin da biyu ne, ɗaya ya bushe.

Lahadi, 22 ga wata

Ba ta san wanda ke kanta ba.

Litinin, 23 ga wata, da azahar

Haka dai. An ƙara leda.

Na yi ta tunanin sittin da ukun nan. Badaru mai fawa bai ƙara dawowa karɓar jiƙo ba, na ɗauka warkewa ce. Fadima ta gidan Liman babana ne ya yi wa ubanta magani, da wane baki za ta ce mini nawa bai yi ba? A garinmu wa ya taɓa tambayar mara lafiya jiki ya ce masa babu sauƙi? Babana da kansa, ranar da zai rasu, liman ya tambaye shi ya ce alhamdu lillahi da sauƙi. Ina zaune a wurin. Na sani sarai, amma ban taɓa kawo shi kusa da tukunyata ba.

Wasu dai sun warke. Direban nan na gan shi yana cin tsire da yaji. Wannan da idona na gani.

Laraba, 25 ga wata, da safe

Ta buɗe ido ta nemi ruwa. Ta tambayi Sa'adiyya ko an ba awaki dusa.

Juma'a, 27 ga wata, bayan masallaci

Baƙo ya zo da Dokas. Ya ce shi da mutanen gidansa sun yi mini noman fari, kada in yi tsammanin don Allah ne, ciyawata ce ke tsallakowa gonarsa. Dokas ta kasa haɗa ido da ni. Na ce mata ta ɗago kai, da ba ta kwance zanen nan ba da yanzu wani zancen ake yi. Ta fashe da kuka, Barira daga kan gado ta ce mata ta bari, mutane na kallo.

Talata, 2 ga Zulhajji, da hantsi

Malama ta zo da kanta, da lemo a leda da takarda a hannu. An gama da ɓeraye. Ta ce waɗanda suka sha hano gyambonsu bai kai rabin na waɗanda ba su sha komai ba. Na maganin asibiti sun fi su, amma hano ya yi wani abu, ba ƙarya ba ne. Ta ce wannan ɓera ne, mutum kuwa sai an yi shekaru ana aiki kafin a ce komai, ba a ma san yawan da ya kamata a sha ba tukuna. Tana magana tana kallona, tana jiran in yi murna.

Mako huɗu ina jiran maganar nan. Na zaci in ta zo zan sa a kira Baƙo ya ji da kunnensa. Na ce mata madalla, Allah ya yi albarka. Na tambaye ta ɓerayen fa? Ta ce ai an yanka su duka, ta haka ake gani. Na ce Allah sarki.

Ta tambayi littafin, na ce ban gama ba.

Alhamis, 4 ga wata, da la'asar

An sallame mu. Likita ya ba da ƙwayoyinsa na mako shida, ya ce ban da haɗi har abada, ban da jiƙona kuma har sai ya sake ganinta. Na ce to. Sa'adiyya ta waigo ta dube ni don ta tabbata ni ne na faɗa.

Asabar, 6 ga wata, bayan azahar

Sa'adiyya ta koma Kunci shirin Sallah. Gidan ya rage ni da Barira. Ta fito tsakar gida tana dafa bango, ta zauna a tabarma gindin zogale tana tsince wake. Na yi ta shiga ina fita, na ɗauki fartanya na ajiye, na kwance akuya na sake ɗaure ta. Ta ce Malam, in magana ce a yi ta, ana sa ni jiri.

Na tsaya a kanta na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah, ba irin amsar da ake ba mai gaisuwa ba. Maganin gwiwar nan yana yi?

Ta ci gaba da tsintar wake. Ta ce, "Bai taɓa yi ba. Ɗaci dai gare shi."

Na ce na cikin fa? Ta ce shi wannan yana kwantar da zafi, in ta sha takan samu barci, ba za ta yi masa ƙarya ba.

Na ce shekara goma sha ɗaya, me ya hana ki faɗa?

Sai ta ɗago. "Malam, kai ana gaya maka magana? Ka tafi daji tun asuba, ka sassaƙo, ka daka, ka kawo mini da hannunka, ka tsaya a kaina kana kallon bakina. In ce me?"

Na ji zuciya ta taso mini, na nemi in yi faɗa, ban samu abin kamawa ba. Kaza ta zo tana cin waken da aka ware, ba wanda ya kore ta.

Na ce to ban da wannan, akwai wani abin da ba a gaya mini ba a gidan nan?

Ta ture faifan gefe, ta gyara zaman gwiwarta da hannu biyu.

"Ɗauko kujera, Malam."

Na ɗauko. Har aka kira la'asar ba ta kai shekarar da aka haifi Sa'adiyya ba.